Yadda ake girka Taskwarrior a Ubuntu, Windows, Mac da wayar Android

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Assalamu alaikum. Aikina rubuta manhaja ne, kusan duk yini a taminal nake. Ina son ƙaramar manhaja da zan riƙa rubuta ayyukan da ke gabana, ba sai na buɗe burauza ba. A gida Ubuntu nake amfani da shi, a ofis Windows 11 aka ba ni, ina da tsohuwar MacBook ta tafiya, ga kuma wayar Android. Wacce zan saka, kuma yaya ake girka ta a kowanne? Na rubuta `task` a Ubuntu, na bi abin da ya ce in saka, amma abin da ya fito ko kusa bai yi kama da abin da nake nema ba."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wadda zan ba ka shawara a kanta ita ce Taskwarrior. Paul Beckingham ne ya fara rubuta ta a 2006, kyauta ce, tushenta a buɗe yake ƙarƙashin lasisin MIT, kuma har yau ana ci gaba da aiki a kanta. Ba ta buƙatar intanet don ta yi aiki, ba ta neman ka yi rajista a ko'ina, duk abin da ka rubuta yana zaune ne a cikin kwamfutarka. Girka ta a yawancin na'urori layi ɗaya ne. Amma mai na'ura huɗu kamar kai, ba layin nan ne zai ba shi wahala ba. Abin da zai ba shi wahala shi ne ya tabbatar manhaja ɗaya ce, kuma zubi ɗaya ne, ya sauka a duk huɗun. Idan ka rasa wannan tun farko, kowace na'ura za ta yi aiki lafiya ita kaɗai, amma ranar da ka so su haɗu ba za su fahimci juna ba.

Mu fara da abin da ya same ka. Akwai manhajoji biyu daban da ake kiran su da umarnin `task`. Ɗaya Taskwarrior ce. Ɗayar kuma sunanta Task kawai, an rubuta ta da yaren Go, aikinta irin na `make` ne: tana karanta fayil mai suna Taskfile ta gudanar da umarnin da aka jera a ciki. Manhaja ce mai kyau a fagenta, sai dai ba ruwanta da jerin ayyukanka na yini. A shagon Snap na Ubuntu, sunan `task` nata ne. Saboda haka in dai `snap install task` ka bi, ita ka saka, kuma ina kyautata zaton ƙorafin da ta yi maka shi ne ba ta ga Taskfile ba. Duba lambar zubi ba zai raba maka gardama ba, domin ita ma tana kan zubi na 3 ne. Abin da za ka rubuta shi ne:

```
which task
```

Idan ya nuna `/snap/bin/task`, to cire ta da `sudo snap remove task`, ka rufe taminal ɗin ka sake buɗewa. Tarkon nan yana nan a Windows ma: `task` da ke cikin Scoop da wadda ke cikin winget, wato kayan girka manhajoji na Windows, duk ta Go ce. A Homebrew kuwa, wato kayan girka manhajoji da aka fi sani a Mac, akasin haka ne, `task` ita ce Taskwarrior, ta Go kuma `go-task` ake ce mata. Don haka kada ka yarda da suna a ko'ina, karanta layin bayanin da ke gefensa kafin ka danna.

Sai maganar zubi, wadda ita ce ta fi muhimmanci a duk amsar nan. A watan Maris na 2024 aka fitar da Taskwarrior 3.0, kuma an canza mata ciki gaba ɗaya. Zubi na 2 yana ajiye ayyuka ne a fayilolin rubutu a cikin foldar `~/.task`, irin su `pending.data` da `completed.data`. Zubi na 3 ya bar wannan, ya koma fayil guda na SQLite mai suna `taskchampion.sqlite3`, wanda wani sashe da aka rubuta da yaren Rust, TaskChampion, yake kula da shi. Hanyar daidaita na'urori ma ta canza: tsohuwar saba (manhajar da na'urori suke haɗuwa ta wurinta) da ake kira Taskserver ba ta aiki da zubi na 3, sabuwar kuma ba ta aiki da na 2. Yanzu dubi na'urorinka. Rumbun Ubuntu 24.04 da na Debian 12 suna ba da 2.6.2, wanda ya fito tun 2022. Homebrew a Mac yana ba da na 3. Ka ga idan ka bi hanya mafi sauƙi a kowace na'ura, za ka wayi gari da Ubuntu a kan na 2, MacBook a kan na 3, babu abin da zai haɗa su. Shi ya sa nake cewa ka yanke shawara kafin ka taɓa komai. Ni a ganina, wanda zai fara yau ya fara da na 3, domin nan ne ake aiki yanzu. Na 2 ba shi da laifi ga mai kwamfuta ɗaya da ba ya tunanin haɗa ta da wata, amma kai ba haka kake ba.

A Ubuntu, hanyar da kowa ya sani ita ce:

```
sudo apt update
sudo apt install taskwarrior
```

Lura, sunan a nan `taskwarrior` ne cikakke, ko da yake umarnin da za ka riƙa rubutawa `task` ne. Kafin ka saka, rubuta `apt policy taskwarrior` ka ga lambar zubin da rumbunka yake da shi. Idan da 3 ta fara, shi ke nan, ka huta. Idan da 2 ta fara, kana da hanya biyu ta samun sabon.

Ta farko, wadda na fi so maka, ita ce Homebrew. Mutane da yawa sun ɗauka na Mac ne kaɗai, alhali yana aiki a Linux, yana zama a `/home/linuxbrew/.linuxbrew` ba tare da ya taɓa abin da `apt` ya saka ba. Fara da kayan da yake buƙata:

```
sudo apt install build-essential procps curl file git
```

Sannan ka je shafin brew.sh, ka kwafi layin girkawa da ke sama, ka liƙa a taminal. Idan ya gama zai rubuto maka wasu layuka a ƙasa, ya ce ka gudanar da su. Kada ka tsallake su. Su ne suke nuna wa taminal inda `brew` yake, kuma yawancin masu cewa sun saka Homebrew ya ƙi aiki, nan suka yi gaggawa. Bayan haka `brew install task`. Amfanin wannan hanya a wurinka shi ne, Ubuntu na gida da Ubuntu da za mu saka cikin Windows da MacBook duk daga rumbu ɗaya za su riƙa sha, kuma `brew upgrade task` zai riƙa tafiya da su tare.

Ta biyu ita ce ka haɗa manhajar da kanka daga tushenta. Tunda rubuta manhaja ne aikinka, ba za ta gagare ka ba. Kana buƙatar `cmake`, da `build-essential`, da `uuid-dev`, da kuma Rust. Rust ɗin da ke rumbun Ubuntu sau da yawa ya tsufa ga sabbin zubi, don haka ka saka shi ta `rustup`. Tushen yana GitHub ƙarƙashin GothenburgBitFactory. A shafin fitowar zubi, sauke fayil ɗin da sunansa ya fara da `task-` ya ƙare da `.tar.gz`, ba wanda GitHub yake haɗawa da kansa a ƙasa ba, domin wancan babu wani sashe da ake buƙata a cikinsa, kuma haɗawar za ta tsaya a hanya. Idan ka warware shi ka shiga foldar:

```
cmake -S . -B build -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release
cmake --build build
sudo cmake --install build
```

Hanyar nan tana cin data da lokaci, musamman a tsohuwar kwamfuta, kuma duk sabon zubi sai ka sake. Wanda yake son ya ga cikin abu ne take yi wa daɗi. In kuwa wata rana ka koma wani Linux ɗin, a Arch `sudo pacman -S task` ne, a Fedora `sudo dnf install task`, a FreeBSD kuma `pkg install taskwarrior`. Ko'ina ne dai, `task --version` shi ne abu na farko da za ka rubuta bayan girkawa.

MacBook ita ce mafi sauƙi. Idan babu Homebrew a ciki, saka shi daga brew.sh kamar yadda na faɗa. Zai nemi kayan aikin Xcode na taminal, ka bar shi ya sauke. A Mac masu injin Intel yana zama a `/usr/local`, a masu injin Apple kuma a `/opt/homebrew`, kuma a waɗannan na biyun dole ne ka gudanar da layukan ƙarshe da ya ba ka. Sai `brew install task`. Abu ɗaya da ya kamata ka sani tunda ka ce tsohuwa ce: Homebrew ya fi kula da zubin macOS na baya-bayan nan. Idan naka ya tsufa sosai, ba zai sami manhajar a haɗe ba, sai ya kama haɗa ta a kan na'urarka, har da Rust ɗin, abin ya ɗauki sa'o'i. A irin wannan hali MacPorts, wani kayan girka manhajoji na Mac irin Homebrew, ya fi haƙuri da tsofaffin na'urori.

Windows ce za ta fi ɗaukar mana lokaci, domin Taskwarrior ba ta da zubin Windows na kanta. Hanyar da ake bi ita ce WSL, wato tsarin da Microsoft ta yi don Linux ya zauna a cikin Windows. Yana aiki a Windows 11, da Windows 10 daga zubi na 2004 zuwa sama. Amma kafin komai: kwamfutar ofis ce. Saka WSL yana buƙatar izinin mai kula da na'urar. Idan ba ka da shi, je ka nema wurin masu kula da kwamfutocin ofishinku, ka yi musu bayanin abin da kake so. Kada ka nemi hanyar zagaye. Jerin ayyuka bai kai a sa wa mutum ido a wurin aikinsa ba.

Idan an ba ka izini, buɗe PowerShell a matsayin mai kula da na'ura, ka rubuta:

```
wsl --install
```

Zai sauke Ubuntu, ɗaruruwan megabayit ne, don haka ka yi shi a intanet ɗin ofis. Sake kunna kwamfutar. Ubuntu zai buɗe ya nemi suna da kalmar sirri. Wannan kalmar ta Linux ce, ba sai ta zo ɗaya da ta Windows ba, kuma lokacin da kake rubuta ta babu abin da zai fito a allo, ko tauraro ɗaya. Ba lalacewa ya yi ba, haka Linux yake yi. Idan maimakon haka ka ga kuskure mai lamba `0x80370102`, ma'anarsa an kashe damar gudanar da na'ura cikin na'ura a BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe. Sai a shiga BIOS lokacin kunnawa, a HP yawanci da F10, a Dell da F2, a kunna abin da aka rubuta Intel VT-x, ko SVM idan injin AMD ne. A kwamfutar ofis wannan ma aikin masu kula da ita ne.

Daga nan kana cikin Ubuntu ne sosai, duk abin da na faɗa a sama ya shafe ka, har da matsalar zubi na 2. Bi hanyar Homebrew. Sannan ka riƙe abu biyu. Na ɗaya, bar ayyukanka a cikin gidan Linux, wato `~/.task`, kada ka kai su `/mnt/c`. Mutum yakan so ya ga fayil ɗinsa a cikin Documents, amma aiki tsakanin ɓangarorin biyu yana da nauyi, kuma fayil ɗin SQLite ya fi zama lafiya a ɓangaren Linux. Na biyu, umarnin `wsl --unregister` yana goge Ubuntu ɗin da duk abin da ke cikinsa, ba ya tambaya sau biyu, ba ya kai komai kwandon shara. Za ka ga ana ba da shi a matsayin maganin matsaloli iri-iri na WSL. Kafin ka taɓa shi, fitar da ayyukanka waje. Zan nuna maka yadda ake yi.

Don amfanin yau da kullum, buɗe shafin Ubuntu a cikin Windows Terminal ka bar shi a buɗe. Ana iya kiran manhajar daga PowerShell ta hanyar sa `wsl` a gabanta, amma wadda Homebrew ya saka mai yiwuwa ne sai ka ba da cikakkiyar hanyarta, `/home/linuxbrew/.linuxbrew/bin/task`, kuma alamomin zance suna rikicewa tsakanin ɓangarorin biyu. Bai cancanci wahalar ba.

In ofis ya hana WSL fa? To akwai todo.txt, wanda Gina Trapani ta ƙirƙiro a 2006. Fayil ɗin rubutu ne guda ɗaya, kowane aiki layi ɗaya, ko Notepad zai buɗe shi, kuma ɗan umarninsa `todo.sh` yana tafiya a cikin Git Bash, wanda da wuya a ce mai rubuta manhaja ba shi da shi. Bai kai Taskwarrior iya lissafi ba, amma don ayyukan ofis kaɗai ya wadatar.

A waya, Termux za ka saka, wato taminal ɗin Linux na Android. Sauke shi daga shagon manhajoji na F-Droid ko daga shafinsa na GitHub, kuma ka tsaya a wuri ɗaya, domin na F-Droid da na GitHub sa hannunsu ya bambanta, ba a hawa ɗaya kan ɗaya. Sannan:

```
pkg update
pkg upgrade
pkg install taskwarrior
```

Nan ma duba zubi. Ayyukan suna zama ne a cikin gidan Termux na kansa, wanda sauran manhajojin wayar ba sa gani, kuma ranar da ka cire Termux ko ka goge bayanansa, sun tafi tare da shi. Rubuta `termux-setup-storage` sau ɗaya, ka ba shi izini, daga nan za ka iya ajiye kwafi a `~/storage/shared`. Gaskiya rubuta dogon umarni da babban yatsa ba daɗi gare shi ba. Ni waya a wurina ta duba jeri ce da jefa aiki cikin sauri kafin a manta, gyara da tsarawa kuma sai an zauna gaban kwamfuta.

To an girka. Karon farko da ka rubuta `task`, za ta ce ba ta ga fayil ɗin saiti ba, ta tambaya ko ta ƙirƙiro `~/.taskrc`. Ce mata `yes`. Sai ka gwada:

```
task add "Tura wa ma'aji rasit" project:ofis due:friday
task add "Biyan kuɗin wuta" project:gida due:eom recur:monthly
task add "Kiran Baba" +waya priority:H
task
```

Dubi alamomin zance da na kewaye kowane aiki da su. Ga mai rubutu da Hausa wannan ba ado ba ne. Kalmominmu cike suke da waƙafin sama: ma'aji, Jumma'a, sa'a, 'ya'ya, jami'a. Taminal kuwa idan ya ga wannan alama yana ɗauka an buɗe zance ne, sai ya tsaya yana jiran a rufe. Abin da za ka gani shi ne ka danna Enter, babu abin da ya faru, sai wata alamar `>` a sabon layi, a Mac kuma `quote>`, kamar na'urar ta sandare. Ba Taskwarrior ba ce ta maƙale, umarnin ma bai kai gare ta ba. Danna Ctrl da C tare, ka sake rubutawa da alamun zance masu kai biyu. Wani abin ya fi wannan ɓoyuwa: idan waƙafin biyu ne a jimlar, kamar a "ma'aikatan jami'a", taminal zai ɗauka an buɗe an rufe, ya haɗiye su duka, aikin ya shiga a matsayin "maaikatan jamia" ba tare da ko gargaɗi ba. Ka mayar da sa alamun zance ɗabi'a tun daga aikin farko. Amma `project:` da `due:` da `+waya` a waje suke zama, don manhajar ta gane su.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna shiga lafiya. Idan ka ga sun koma alamar tambaya, rubuta `locale` ka duba ko akwai UTF-8 a layukan. A Ubuntu da Mac yawanci akwai. Inda babu, `sudo dpkg-reconfigure locales` zai gyara a Ubuntu da Debian. Sunayen ranaku kuwa da Turanci kawai take gane su, `friday`, `tomorrow`, `eom` na ƙarshen wata. Idan ka fi son rubuta rana kafin wata kamar yadda muka saba, `task config dateformat D/M/Y` zai sa ta karɓa haka ta kuma nuna haka. `task config weekstart monday` kuma zai sa makonta ya fara daga Litinin maimakon Lahadi.

Jerin da `task` take nunawa ba bisa wanda ka fara rubutawa yake ba. Kowane aiki tana yi masa lissafin gaggawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa na fifita ta a kan fayil ɗin rubutu. Wa'adi yana ƙara maki har zuwa 12 gwargwadon kusantowarsa da wucewarsa, `priority:H` yana ba da 6, `M` 3.9, `L` 1.8, aikin da wasu ayyuka suke jira a gama shi yana samun 8, alamar `+next` kuma 15. Ko daɗewar aiki a jeri tana ƙara masa maki kaɗan. Da safe ka rubuta `task`, abin da ya fi matsowa yana sama. Duk lambobin nan ana iya canza su a `.taskrc`, amma ka bar su yadda suke har sai ka yi makonni da ita ka ga inda lissafinta ya saɓa da naka. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne yawan sa `due:`. Idan kowane aiki ka ba shi wa'adin da kai ka ƙirƙira, cikin mako guda jerin duk zai yi ja, ka daina gane na gaske. Wa'adi na abin da in ranar ta wuce za a yi asara ne. Abin da ba ka son gani sai wani lokaci, ba shi `wait:`, zai ɓuya har ranar ta zo.

Gama aiki `task 1 done` ne, gyara shi `task 1 modify due:monday`. Sai dai lambar nan ta gefe ba ta dindindin ba ce. Tana kama da layin awo: na gaba ya tafi, kowa ya matsa. Idan ka gama aiki na 1 ka sake duba jeri, lambobin suna iya canzawa. Saboda haka duba jerin kafin ka rufe aiki, kada ka yi da lambar da ka haddace tun safe. In an yi kuskure, `task undo` yana mayar da canjin ƙarshe.

Ajiyar ko-ta-kwana layi ɗaya ce, kuma tana aiki a zubi na 2 da na 3 duka:

```
task export > ayyuka.json
```

Mayar da su kuma `task import ayyuka.json`. Da wannan ake ƙaura daga na 2 zuwa na 3: ka fitar tun tsohon zubin yana nan, sannan ka saka sabon ka shigar. Wanda ya sabunta bai yi haka ba zai buɗe ya ga jeri babu komai, da gargaɗin cewa an ga tsofaffin fayilolin `.data`. Ayyukan ba su ɓata ba, suna nan a foldar, sabon zubin ne ba ya karanta su kai tsaye. Kada a goge komai a firgice.

Saura haɗa na'urorin. Abin da hankali yake fara kawowa shi ne a jefa foldar `~/.task` cikin Dropbox ko Syncthing. Kada ka yi. Waɗannan suna kwafar fayil ne dunƙule, ba su san abin da ke ciki ba. Ka ƙara aiki a waya babu intanet, ka rufe wani a kwamfuta, idan suka haɗu ɗaya zai danne ɗaya, ko fayil ɗin ya lalace. Hanyar da aka gina don wannan ita ce `task sync`, wadda take aika canje-canje ɗaya bayan ɗaya ta haɗa su. A zubi na 3 tana buƙatar wurin haɗuwa: ko ƙaramar saba mai suna taskchampion-sync-server da za ka ɗora a wata na'ura da ke kunne kullum, ko ma'ajiyar gajimare irin ta Google. Idan saba ce, saiti uku za ka sa iri ɗaya a kowace na'ura: adireshin sabar, da `sync.server.client_id` wanda za ka samar sau ɗaya da `uuidgen`, da `sync.encryption_secret`. Ana kulle bayanan ne da wannan kalmar tun a na'urarka kafin su fita, don haka mai sabar ba ya iya karanta su, kuma kai ma in ka rasa ta, abin da ke sabar ba zai buɗu ba. Rubuta ta a wuri mai aminci. `man task-sync` yana da ainihin sunayen saitin na zubin da ke hannunka, shi za ka bi. Tsarin ya dace da mai intanet mai zuwa da ɗaukewa, domin kowace na'ura tana aiki ita kaɗai, sai an samu hanya a daidaita.

Akwai wani ɗan abu da yake rikita masu na'ura da yawa. Aikin da yake maimaituwa, kamar kuɗin wutar nan na wata-wata, kowace na'ura tana iya haifar da nata kwafin, sai bayan daidaitawa ka ga guda uku. Maganinsa, zaɓi na'ura ɗaya ta riƙe wannan aiki, a sauran ka rubuta `task config recurrence off`.

Game da kwamfutar ofis, ka yi tunani kafin ka haɗa ta da sauran. Haɗawa na nufin ayyukan gidanka, har da na asibiti da na bashi, za su zauna a na'urar da ba taka ba, sunayen ayyukan ofis kuma za su fita zuwa wayarka. Ofisoshi da yawa ba su yarda da na biyun ba. Ni da zan bar ta ofis da jerinta daban, in haɗa Ubuntu da MacBook da waya kawai. Kuma ko su ɗin ba yau ba. Cire waccan `task` ta Snap, saka zubi na 3 a Ubuntu, yi mako biyu kana rubuta ayyukanka na gaske a ciki. Idan ka ga hannunka yana zuwa gare ta da kansa, sai ka ƙara MacBook da waya, ka kafa sabar. In wani abu ya tsaya maka a hanya, rubuta `task diagnostics` ka aiko da abin da ya fito tare da sunan na'urar. Daga nan ake gane zubi da inda fayilolinka suke.